Kwana Ashirin da Uku Babu Masa

A ofishin 'yan sandan da na fara aiki a Jos muna da uwar ɗaki, sunanta Ladi mai masa. Ba ta taɓa sa kaki ba, ba ta san fareti ba, amma ta fi yawancinmu zuwa aiki a kan lokaci. Ni Usumanu, da na yi shekara talatin da ɗaya ina ɗamara na kuma ajiye aiki da igiya uku kacal, ina da bakin faɗin haka, domin ni na fi kowa cin masarta, ni kuma na fi kowa cutar ta in ka cire mijinta.

A barikin 'yan kuza wajen Bukuru aka haife ta. Ubanta mutumin ƙasar Katsina ne, ya zo haƙar kuza da niyyar shekara ɗaya ya yi ashirin da shida, a ƙarshe tari ya tafi da shi. Uwarta ke soya wa lebura masa kafin su shiga rami, saboda haka a gindin murhu Ladi ta yi wayo. Tana da shekara ashirin ta auri Gwadabe, lokacin yana karen mota. Ita da bakinta take cewa ba wanda ya sa ta, ita ta gan shi a bayan tifa yana waƙa ta ce ta ji ta gani. Daga baya ya zama direban tifar, yana kai yashi wuraren gini, suka kama ɗaki a Dutse Uku, suka haifi 'ya ɗaya, Rabi.

Da can a babbar kasuwa take suya. Da gobarar saba'in da biyar ta cinye rumfarta, sai ta ɗauko tandarta ta kafa a gindin mangwaron da ke ƙofar ofishinmu. Tanda ce mai gida goma sha biyu, tana juya masar da wani tsohon cokali da ta daddale da dutse. Ba ta da surutu. Ta san cikin kowa: wannan huɗu da miyar taushe, wancan shida da yaji. Duk wanda aka tsare mana a ɗakin masu laifi, in 'yan uwansa ba su zo ba, sai ta naɗe masa guda uku a takarda ta ce a miƙa masa, ba ta tambayar abin da ya yi. Ran Juma'a tana nan, ran Lahadi tana nan, ana ruwa tana nan da tsohuwar laima. Ranar salla kaɗai ake ganin gindin mangwaron nan wayam.

Ni kuma na zo a saba'in da bakwai, kurtu sabon fitowa, wandona da karin guga kamar zai yanka mutum. Abu biyu aka san ni da su. Na farko kekena, wanda ƙararrawarsa ta kwance, ko ban taɓa ta ba tana ƙara da kanta a kowane rami, har ana cewa ɓarawo ya kan ji zuwana tun ina mil guda. Na biyu cikina. Ni dai Allah ya yi ni in ban karya ba ƙafata ba ta ɗaukata. A makon farko na shiga fareti da yunwa, ana cikin duba mu na zube kamar buhun dankali. Tun daga ranar na ɗauki karin maganar nan ta da ruwan ciki ake jan na rijiya na mai da ita doka. Bakwai saura kwata ina gaban Ladi, takwas da miya da gyara ɗaya, bakwai daidai ina kan layi.

Mai kula da mu Saje Badung ne, mutumin Du, dogo, mai furfura a gefen kunne. Hausarsa irin ta gari ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne. Ba ya zagi, ba ya tsawa, rubutu kawai yake yi. Akwai babban littafin ofis da ke kan kanta, wanda ake shigar da duk abin da ya faru da lokacin da ya faru. Wasu sajen sukan cika shi da layi biyu su rufe. Badung kuwa in akuya ta shigo harabar ofis sai ya rubuta launinta. Muna yi masa dariya a bayan ido, muna ce masa magatakardan lahira.

Wata Talata a cikin watan Yulin saba'in da takwas, da hantsi, Saje ya tafi kotu, ni kaɗai ne a kan kanta. Sai na ga Ladi ta kashe wuta ta nufo ƙofa. Shekararta uku a bakin ofishin nan ba ta taɓa tako ciki ba. Ta cire takalmi a bakin ƙofa kamar mai shiga ɗakin surukai. Da ta sauke mayafi na ga leɓenta a kumbure, idon hagu ya yi ja. Da safen nan na ci masarta takwas da gyara, ban lura ba, don idona na kan tanda.

Ta ce ƙara ta kawo. Ta ce Gwadabe ne, kuma ba yau aka fara ba, shekara ta kai bakwai, amma yanzu abin ya tashi daga hannu ya koma fambel ɗin mota. Ta ce sau biyu tana yin yaji zuwa gidan kawunta a Bukuru, sau biyu yana sa ta a mota yana dawo da ita da nasiha. Ba kuka take yi ba, tana faɗa ne kamar mai lissafa kayan miya.

To a nan ne ilimina ya motsa. A duk kundin dokokin laifuka, wato Final Kod, sashe ɗaya na riƙe da ka, na hamsin da biyar. Dalilin da na riƙe shi kuwa, ranar da malami ya karanta shi a makarantar horo ina barci a bencin baya, sai na ji aji ya kaure da shewa da tafi, na farka na tambayi na kusa da ni, ya ce wai doka ta yarda miji ya hori matarsa. Na yi dariyata na koma barci. Abin da malamin ya faɗa bayan an gama tafi, ban ji ba. Masu magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa nawa ƙuƙumin a wuyan wata ya faɗa.

Na gyara hula, na dafa kantar ofis da hannu biyu yadda na ga manya na yi.

"Yaya Ladi, wannan maganar gida ce. Doka ba ta shiga tsakanin miji da mata, sashe na hamsin da biyar. Ki yi haƙuri, shi zaman aure ɗan haƙuri ne."

Tuzuru ne ni a lokacin, ko budurwa ba ni da ita, amma haka na tsaya ina koya wa matar da ta shekara goma sha biyar a ɗaki yadda ake zaman aure. Ta dube ni, ta dubi littafin da ke buɗe a gabana.

"To ba za ka rubuta ba?"

Na ce mata littafin gwamnati ne, ba a ɓata shi da faɗan cikin gida. Ta mai da mayafinta, ta sa takalmi, ta koma ta tattara kayanta.

Da a nan na tsaya, da laifina ɗaya ne. Amma ni mutum ne mai tausayi, kuma tausayina ne ya fi muguntar wasu illa. Na san Gwadabe. Kowa ya san shi, mutum ne mai fara'a, sau da yawa yakan ɗora kekena a bayan tifa in an yi ruwa. Da na tashi aiki da la'asar sai na biya gareji, na same shi yana shan shayi. Na ja shi gefe, namiji da namiji, na ce ya riƙa sassautawa, yau har ofis ta zo. Don kada ya tsorata, sai na ƙara masa da cewa ni na kashe maganar, kuma ko da ta je gaba doka na bayansa, na ma faɗa masa lambar sashen. Ya yi godiya ya saya mini shayi da burodi. Na hau keke ina jin kaina babban mai sulhu, har ina tunanin irin ladan da na samu.

Washegari gindin mangwaro babu kowa.

Na tsaya na yi minti biyar ina kallon toka. Sai na tuna akwai wata mai masa can wajen Jos Jarawa, kuma in mutum ya yanke ta lungunan Dutse Uku ba nisa sosai. Na taka keke, na tarar da layi, na ci wata masa mai tsami kamar an jiƙa ta da ruwan batir, na dawo bakwai da minti goma sha biyu. Saje na tsaye da biro.

"Me ya sa ka yi latti?"

Na ce taya ce ta yi faci. Ya ajiye biro, ya fita, ya duƙa ya matsa tayar gaba, ya matsa ta baya, ya dawo ya sake tambayata kamar bai taɓa yi ba. Na ga ƙarya ba ta da kasuwa a nan, na faɗi gaskiya. Ya rubuta da Turancinsa mai tsabta, abin da fassararsa ita ce: Kurtu Usumanu ya yi latti minti goma sha biyu, ya ce mai masa ba ta zo ba.

Haka aka yi ran Alhamis, haka aka yi ran Juma'a. Mai hankali zai tashi da wuri, ko ya sayi burodi ya ajiye. Ni kuwa kullum sai na fara zuwa gindin mangwaro, don raina na gaya mini yau dai za ta zo, in na ga ba ta nan sannan in juya. Saje ya sa ni noman ciyawar harabar ofis, na nome. Ya sa ni wanke ɗakin masu laifi, na wanke. Ya soke ranar hutuna har sai na gyaru, ban gyaru ba, saboda haka ko rana ɗaya ban yi fashi ba, kullum ina zuwa kuma kullum a makare. Kullum da tambaya ɗaya, amsa ɗaya, layi ɗaya a littafi.

Lungun da nake yankewa ta ƙofar gidansu Ladi ya bi. Na san gidan, don tifar Gwadabe na fake a wajen. Sau biyu ko uku na tarar da shi yana zuba wa mota ruwa, na rage gudu na tambaye shi ina mai masa. Ya ce zazzaɓi ne. Na ce Allah ya sawwaƙe, ya gaya mata muna kewar masa. Na taka kekena na wuce.

Rana ta ashirin da huɗu Ladi ta zo, babu tanda babu itace. Ta rame, tana tafiya a karkace, hannun dama na manne da ƙirji. Ina kan kanta tare da Saje. Wannan karon ba ta cire takalmi ba, kuma ba ta dube ni ba. Ta tsaya a gaban Badung ta ce ta zo ne a rubuta.

Ya ba ta kujera, ya buɗe sabon shafi. Ta ce tun yammacin Talatar nan Gwadabe ya dawo ya kulle ƙofa, ya ce tunda ta iya kai shi ofis to ta kira ofis ɗin ya zo ya cece ta. Da fambel ya yi, ta wajen baya da kafaɗa, har sai da ya gaji. Ya hana a kai ta asibiti. Tana kwance, ko buta ba ta iya ɗauka, sai jiya ta iya miƙewa. Ta ce kawunta ya aiko cewa ta yi haƙuri. Ta ce ita dai in aka sake mai da ita ɗakin nan, gawarta za a fitar, kuma Rabi tana kallo.

Saje ya daina rubutu.

"Mama, ka ce ka kai shi ofis. Wane ofis?"

Ta nuna ni da haɓa. Ya juya shafukan baya har zuwa Talatar, ya bi da yatsa daga sama har ƙasa. Akwai rahoton ɓatan tunkiya, akwai na wani da ya zo karɓar kekensa. Babu Ladi. Ya cika takardar asibiti ta 'yan sanda, ya haɗa ta da wata 'yar sanda ta raka ta wajen likita, ya kuma sa a samo mata wurin zama a gidan wata 'yar uwar matarsa a Kabong ita da Rabi. Sai da suka fita ya buɗe durowa ya ciro kundin Final Kod, wanda bangonsa ya sha salatif, ya ajiye a gabana.

"Karanta fifti-faif. Har ƙasa."

Na karanta, ina gumi a sanyin Agusta. Ashe sashen da nake taƙama da shi da sharaɗi ya fara: horon da ake magana sai wanda bai kai mummunan rauni ba. Ya sa na juya zuwa sashe na ɗari biyu da arba'in da ɗaya, inda aka jera abin da doka ke kira mummunan rauni. Akwai rasa ido ko ji, akwai karaya ko gocewar ƙashi, har haƙori, akwai ɓata fuska. Na ƙarshe shi ne duk raunin da ya sa rai cikin haɗari, ko ya bar mutum kwana ashirin cikin azabar ciwo, ko ya kasa yin harkokinsa na yau da kullum har kwana ashirin.

Sannan ya yi mini magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce shi kansa sashen nan na hamsin da biyar kunya yake ba shi, kuma yana fata ya ga ranar da za a goge shi, amma ko shi bai ba ɗan sanda ikon korar mai ƙara ba. Ya ce aikina a kan kanta uku ne: in rubuta, in aika mai rauni asibiti da takarda, in sanar da na gaba da ni. Ko laifi ne ko ba laifi ba ne, wannan na kotu ne, ba na kurtu ba. Da na faɗa masa zancen gareji, don na ga gara ya ji daga bakina, sai ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Mutum ya kawo maka ƙaran kura, kai kuma ka je ka gaya wa kura. Usumanu, wannan mata, kai ka riƙe shi, Gwadabe ya buga."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na cancance ta.

Aka kamo Gwadabe. Ya shigo yana murmushi yana gaisawa da kowa. Bai musa dukan ba ko kaɗan, ya ce matarsa ce, ya hore ta, kuma doka ta ba shi dama, ga ma ɗan sandan da ya faɗa masa nan, har lamba ya ba shi. Ya sa hannu a kan bayaninsa da fara'a. Sai da wani ya raɗa masa zancen kwana ashirin ya canza murya, ya ce ai mako ɗaya ta yi a kwance, sauran duk lalaci ne, kuma tana fita suyarta jefi-jefi.

A nan maganar ta tsaya. Likita ya rubuta cewa ya ga tabon bulala da yawa a baya da kafaɗar da ba ta ɗaguwa, babu karaya, kuma raunin ya kai makonni, amma ba zai iya rantsuwa a kan adadin kwanaki ba tunda ba a kawo ta da wuri ba. In kwanakin ba su cika ashirin ba, Gwadabe zai fake da sashen da na ba shi, a ce a je gida a sasanta, Ladi ta koma ɗakin nan. Saje ya riƙa buga biro a kan kanta. Can sai ya jawo littafin ofis, ya fara ƙirga layukan lattina da yatsa. Ashirin da uku, a jere, babu giɓi. Ya ɗago ya dube ni, na gane.

Zan so in ce nan take na buga ƙirji na ce a kai ni kotu. Ba haka aka yi ba. Sunana na cikin waɗanda za a duba don ƙarin girma a ƙarshen shekara, kuma na riga na gaya wa mutanen garinmu su fara kirana kofur. Na roƙi Saje ya ba ni kwana biyu in samo wasu shaidu. Na shiga Dutse Uku gida gida, da himmar da ban taɓa yi wa wani aiki ba, kuma Allah ya sani ba don Ladi nake yi ba, igiyata nake ceto. Matan gidan suka ce ba su ji komai ba. Mazan suka ce tsakanin miji da mata sai Allah. Wani tsoho ya ce shi bai saba shiga abin da ba ruwansa ba. Na ji haushinsu ƙwarai, har na fara yi musu wa'azi, sai na tuna kalmomina ne suke maimaita mini, su ba su ma da kaki.

Ranar shari'a kotun majistare ta cika, don direbobin tifa sun zo wa ɗan uwansu kara. Saje ya gabatar da littafi, aka kira ni na shiga akwatin shaida da karin gugata. Mai gabatar da ƙara ya ce in karanta. Na karanta na farko: ya yi latti minti goma sha biyu, ya ce mai masa ba ta zo ba. Na biyu: minti tara, ya ce mai masa ba ta zo ba. Tafintan kotu yana juyawa da Hausa. A na biyar aka fara ƙyalƙyala dariya a baya. A na goma har ɗan sandan kotu ya juya ya fuskanci bango kafaɗunsa na rawa. Majistare ya buga tebur, amma na ga shi ma ya rufe baki da hankici. Wajen na goma sha bakwai dariyar ta fara mutuwa, don mutane sun fara gane abin da ake ƙirgawa. Na karanta na ashirin da uku kotu tsit.

Majistare ya tambaye ni ko matar nan takan yi fashi a da. Na ce a shekara guda da na yi ina cin masarta, ranar salla kaɗai. Ya tambaye ni ko gaskiya ne ni na gaya wa wanda ake tuhuma cewa doka na bayansa. Na ce gaskiya ne. Ya daɗe yana rubutu, sannan ya ce a aika wa shugabannina da kwafin wannan shafi.

Aka ɗaure Gwadabe wata goma sha takwas. Da takardar hukuncin Ladi ta je kotun alƙali, alƙali ya raba auren saboda cutarwa, ya bar mata Rabi. Ni kuma aka cire sunana daga jerin ƙarin girma, sai bayan shekara huɗu na ga igiyar farko. Har na bar ofishin nan ba a kirana Usumanu, sai Mai Masa Ba Ta Zo Ba. Wani abu ɗaya dai, tun daga lokacin duk macen da ta tsaya a gabana a kan kanta, ko me ta zo da shi, biro nake fara ɗauka kafin in buɗe baki.

Ladi ta zauna a Kabong, ba ta sake aure ba, da tandar nan ta yi wa Rabi karatu har ta zama malamar asibiti. Hannun daman bai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba, da hagu ta koma juya masa, kuma ta ƙware har ba ka ganewa. Ta dawo gindin mangwaro wata biyu bayan shari'a. Na yi mako guda ina zagayawa ta ƙofar baya ina cin burodi, don ba ni da idon da zan kalle ta. Rana ta takwas cikina ya ci ƙarfin kunyata, kamar yadda ya saba.

Na jingine keke na tsuguna. Ba ta tambaye ni ba, ta ƙirga takwas ta zuba miya, ta ɗora gyara ɗaya. Na riƙe kwanon na kasa ci. Na ce ta yafe mini, na jero laifuffukana: korar da na yi mata, rashin rubutu, zancen gareji. Na so ma in ɗan ƙara da cewa ai dai lattina ya yi rana, Allah ya taimake ni na haɗiye.

Ta ce waɗannan duk ta yafe, yaro ne ni, abin da aka koya mini na faɗa. Ta zuba ƙullu a gidajen tanda ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Ƙararrawar kekenka ce ban manta ba. Tagar ɗakina a kan lungun take. Kullum da safe ina kwance ina jin ta tun daga kwanar lungu, tana matsowa. Ranar farko na ce wa Rabi ta buɗe ƙofa, ga ɗan sanda nan ya zo."

Ta sa cokali ta juya masar farko da hannun hagu.

"Sai da ta buɗe kwana uku, sannan na ce ta bari."